Idan Ciki Ya Tsufa: Yaushe Ake Kama Hanyar Asibiti?

  

Yau maganar ta mai tsohon ciki ce. Ke da kika shiga wata na tara, kike tafiya kina dafe da ƙugu, kwanciya ma ta zama sai da dabara, da ke nake. Amma don Allah kada ki saurara ke kaɗai. In maigida yana kusa, ƙaro sautin rediyon. In Inna ko Gwaggo suna tsakar gida, a kira su. Dalili kuwa, ranar da naƙuda ta taso, ba ke ce za ki fita neman mota ba, kuma a yawancin gidajenmu ba ke ce za ki ce a tashi a tafi ba.

Ni aikin jarida na koya, ba na likita ba. Abin da zan faɗa miki na tattaro shi ne daga ungozomomin asibiti da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai kuma abu ɗaya da na gani da idona.

Ina 'yar makaranta yayata ta zo goyon ciki gidanmu, cikin fari. Ciwo ya fara mata tun bayan la'asar, ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi shara, ta ɗora tukunya, in abin ya murɗa mata sai ta shige ɗaki kamar mai neman wani abu. Kun dai san kunyar ɗan fari. Sai tsakar dare innarmu ta jiyo nishinta. Mijinta yana can wajen fatauci, wayarsa ba ta shiga, manya suka ce a jira a ji ta bakinsa. Gari ya waye, ana jira. Rana ta faɗi, ana jira. Zan dawo kan wannan labari, amma bari mu fara da lissafi, don a nan ake fara kuskure.

A asibiti ba da wata ake ƙirga ciki ba, da mako ake ƙirgawa. Ana farawa daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, a ƙirga mako 40, wato kwana 280. Mu kuwa a gida wata muke kallo a sama. Wata tara na sama bai wuce kwana 266 ba. Kin ga kenan macen da ta ga wata na goma ya tsaya ba ta haihu ba, ba lallai ne ta wuce lokaci ba, kada a ɗaga mata hankali da maganar an ɗaure ciki ko ciki ya kwanta. Ranar da aka rubuta miki a katin awo ma hasashe ce. Kusan mace ɗaya ce cikin ashirin ke haihuwa daidai ranar. Daga mako 37 zuwa 42 duk cikin lokaci ne. Wanda ya zo kafin mako 37 shi ne bai isa haihuwa ba, irin wanda muke ce wa bakwaini. In kuma an haura mako 41 shiru, sai ki koma a duba ki, domin mabiyiya, wadda wasu ke kira uwa, ita ma tsufa take yi, aikinta na ciyar da ɗa yana raguwa.

To me ɗan yake yi a ciki duk tsawon wannan watan, tunda an riga an gama halittar hannu da ƙafa? Na sha jin mata suna cewa ai zaman banza yake yi, ya fito kowa ya huta. Wallahi ba zaman banza ba ne. A makonnin nan yana ƙara nauyi kamar giram 200 kowane mako, yawanci kitse ne a ƙarƙashin fata, wanda zai riƙe masa ɗumi in ya fito, balle in cikin hunturu ya zo. Huhunsa yana ƙarasa haɗa wani ruwa mai santsi da ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa da juna, shi ya sa yaron da ya fito da wuri yake wahalar numfashi. Ƙwaƙwalwa kuwa ita ce babbar magana: a mako na 35 nauyinta bai wuce kashi biyu cikin uku na yadda zai kai a mako na 39 ko 40 ba. A lokacin ne kuma yake gwanancewa wajen tsotso da haɗiya, yana tara sinadarin ƙarfe da zai yi masa jini a watannin farko, yana kuma karɓar garkuwar jiki daga jininki ta hanyar mabiyiya. Alluran rigakafin da aka yi miki wajen awo, rabonsa yana ciki. Kuma yana ji. Muryarki ya fi sani, amma wa ya sani, ƙila yanzu haka yana jin tawa.

In lokaci ya cika, yawanci nauyinsa kilo uku ne ko sama kaɗan, tsawonsa wajen santimita 50. Wanda bai kai kilo biyu da rabi ba shi ake cewa bai cika nauyi ba, yana bukatar kulawa ta musamman. Ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba tukuna, don su iya matsewa ya wuce ta ƙugu. Maɗigar nan da muke gani tana motsi a kan jariri shaidar hakan ce. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, kada gajiya ta sa ki nemi wani jiƙo ko wata allura don ki sauke kaya da wuri. Kowane mako a wannan watan yana da aikinsa.

Zuwa mako na 36 yawancin 'ya'ya sun juya, kai yana ƙasa. Kamar uku ko huɗu cikin ɗari ne ke zama a zaune, su nufo ta ɗuwawu ko ta ƙafa, wasu ƙalilan kuma a gicciye. Wannan ba abu ne da za ki gane da kanki ba. Ungozoma ce ke ganewa da hannu, ko a tabbatar da hoton ciki, wanda mutanen Katsina ke ce wa sikanin, mu nan mu ce eko. Shi ya sa awon watan ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci, amma shi mata suka fi tsallakewa, wai ai an gama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo aƙalla sau takwas, kuma rabinsu a makonnin ƙarshen nan suke.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, cewa in haihuwa ta kusa ɗa yakan daina motsi don wuri ya yi masa kaɗan, ko wai yana tara ƙarfi. Ki yi watsi da ita. Salon motsin yana iya canzawa, maimakon harbi ki ji yana miƙa ko yana juyi, amma yawansa ba ya raguwa, har cikin naƙuda yana motsi. Yana barci, gaskiya ne, sai dai barcin minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. In kin ji shiru ba kamar yadda kika saba ba, ki kwanta ta gefen hagu ki natsu ki ƙirga. In cikin awa biyu bai motsa sau goma ba, ko kuma zuciyarki kawai ta ce miki abin ba daidai ba ne, ki tafi a saurari bugun zuciyarsa a ranar. Ba gobe ba. Kwanciya ma gaba ɗaya, a wannan lokacin ta gefe ake so, ba rigingine ba, don nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin jini.

Yanzu alamomin da ke cewa abu ya matso. Ciki yakan sauka: ki ji numfashi ya sake, ƙwannafi ya ragu, amma fitsari ya dame ki, mara ta yi nauyi. Ga mai cikin fari wannan yana iya faruwa mako biyu zuwa huɗu kafin haihuwa, ga wadda ta saba kuwa wani lokacin sai naƙuda ta fara. Akwai ciwon baya, wata har da ɗan gudawa. Sai kuma wata majina mai yauƙi da ke fitowa, wani lokaci da ɗan jirwayen jini. Ita ce ta toshe bakin mahaifa duk tsawon cikin, fitarta na nufin bakin ya fara laushi. Duk waɗannan sallama ce, ba shigowa ba. Ana iya ƙara kwanaki bayansu.

A nan ne maganar zaƙi ke shigowa. Da zarar an ga wannan yauƙin sai a ce zaƙi ne ya taru, a dafo sassaƙe masu ɗaci a ce sha ki zubar da shi. Iyayenmu, da girmamawa nake faɗa, ba shan rake ko zuma ne ya kawo shi ba, kuma ba shi ke tsare ɗa ba. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba kuwa yana iya tayar da ciwo kafin lokaci.

Yaya ake bambance naƙudar gaske da ta ƙarya? Ta ƙarya, ciki ne yake tamkewa ya yi tauri sannan ya saki, babu tsari: yanzu ta zo, sai bayan minti arba'in, sai kuma ta ɓace. In kin sha ruwa, kin canza kwanciya ko kin ɗan taka, sai ta lafa. Ta gaske ba ta jin lallashi. Takan taso daga baya ta zagayo mara, tana zuwa a kan tsari, tazarar tana raguwa, ciwon yana ƙara tsawo da ƙarfi, har ya kai ba ki iya magana in ya zo. Ki duba agogon waya, ko ki sa wata ta duba miki. In yana zuwa duk bayan minti biyar, yana ɗaukar kamar minti ɗaya, kuma ya yi awa guda a haka, lokaci ya yi. Amma fa wannan ma'aunin na wadda gidan likita ke bayan gidansu ne. Ke da ke ƙauye, da sai an yi tafiyar awa a kan babur ko amalanke, da zarar kin ga ciwon ya kama tsari ki tashi. Haka ma wadda ta yi haihuwa huɗu ko biyar, tata ba ta da wuyar sauri. Gara a ce miki da saura ki zauna a inuwar asibiti, da ki haihu a bakin hanya.

Sai fashewar faya. Wata takan ji ruwa ya ɓalle mata gaba ɗaya, wata kuma ɗigo ne da ba ya tsayawa, har ta zaci fitsari ne. Ko da ciwo ko babu, in faya ta fashe an tafi kenan, don ƙofar da ke tsare ɗa daga ƙwayoyin cuta ta buɗe. Ki lura da lokacin, ki sa ƙyalle mai tsabta ki duba launin ruwan. Fari tas ko mai ɗan ja-ja ba laifi. In kore ne ko ruwan ƙasa, ɗan ya yi kashinsa na farko a ciki, alamar yana iya kasancewa a galabaice. In yana wari, ko akwai zazzaɓi, shi ma gaggawa ne. Kada a sa hannu, kada a cusa komai. In kuwa cibiya ce ta riga fitowa, ko hannu, kada a ja, kada a mayar; ta durƙusa ta kifa ƙirji ƙasa ta ɗaga ƙugu sama, a ɗauke ta a haka.

Akwai alamomin da ba sa jiran naƙuda, kuma su ne nake so maigida ya haddace. Jini, ba jirwaye ba, jini mai zuba, ko da ciwo ko babu. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari wajen dama. Waɗannan na ƙarshen alamun hawan jinin masu ciki ne. In awo ya kai 140 bisa 90, ma'aikata ba sa wasa da shi. In aka bar shi, shi ke kaiwa ga jijjiga, mace ta faɗi tana taune harshe. Sau da yawa sai a ce iska ce, a rufe ta da bargo ana turara mata hayaƙi. Ba iska ba ce. Akwai allurarta a asibiti, kuma tana aiki. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai, a nemi mota. Zazzaɓi ma haka, balle da damina lokacin sauro.

Wasu matan kuma tun kafin ciwo ya fara an san ba a gida za su haihu ba, ba ma a ƙaramin gidan likita ba, sai inda ake tiyata da ƙarin jini: wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ɗanta bai juya ba, yarinya ƙarama mai cikin fari, wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, da wadda ta haihu da yawa. In kina cikinsu kuma kuna nesa, ki koma gidan dangi a cikin gari tun ana saura mako biyu ko uku.

Mu koma kan yayata. Sai a dare na biyu, da ta daina ma nishin, aka samo mota. Kafin nan an kira wani mai kemis ya yi mata allurar ƙara naƙuda, wata tsohuwa kuma ta yi ta danna mata ciki. A asibiti suka ce kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta, ko shekara za a yi ba zai fito ta nan ba. Aka yi mata aiki. Ɗan bai zo da rai ba. Ita ta tsira, ta yi makonni da robar fitsari, aka ce da an ƙara rabin yini da ta kamu da yoyon fitsari, ko mahaifar ta fashe. Mijinta da ya iso, abin da ya fara faɗa shi ne, don me ba a kai ta ba tun farko? Ashe izinin da aka kwana biyu ana jira, da an tambaye shi tun wata guda kafin nan, da ya bayar ba tare da gardama ba.

Ga yadda abin yake faruwa, don a daina cewa ƙaddara ce kawai ko asiri. Sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10 ɗa yake wucewa. Daga inda naƙuda ta kankama, ba ta cika wuce awa 12 ga mai cikin fari ba, awa 10 ga wadda ta saba. In kai ya maƙale, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari kenan. Allurar ƙara naƙuda a hannun wanda ba ya duba bakin mahaifa, kamar dukan jaki ne a gaban katanga. Yankan gishiri kuwa sai dai ya ƙara ɓarna. Ana gyaran yoyon fitsari, a Babbar Ruga ta Katsina, da Danja ta kusa da Maraɗi, ba Danja ta jihar Katsina ba, kada wani ya ɓata kuɗin mota. Amma ba a kai nan ba ya fi. Ma'aikatan lafiya suna cewa kada rana ta faɗi sau biyu a kan mace mai naƙuda. Ni a ganina sau ɗayan ma ya isa a tashi.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu sanadin ciki da haihuwa a duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a Najeriya kaɗai. Masana suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nan na hukuma ne, kuma za mu ci gaba da tuhumarsu a kansa a wannan tasha. Na farko kuwa a tsakar gida yake, na biyun ma rabinsa a hannunmu yake.

Saboda haka maigida, ga naka aikin, kuma a yau ake yin sa. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da mahaifiyarta cewa ko kana nan ko ba ka nan, in ciwo ya tashi a kai ta. Ka samu lambar direba biyu, ba ɗaya ba, ka yi magana da su ido da ido cewa za a iya tayar da su ƙarfe biyun dare. Ka ajiye kuɗi a hannun wanda ke kwana a gidan. A Nijar gwamnati ta daɗe da ayyana tiyatar haihuwa kyauta, amma mai da abinci da ɗan abin da za a ce a sayo ba kyauta ba ne. Ku mutanen bakin iyaka, ku riƙe naira da sefa duka biyun, ku kuma tsayar da asibiti a ɓangarenku, don iyaka ba kullum take buɗe ba, kuma hanyar dare yanzu kowa ya san halin da take ciki. In watan haihuwar ya faɗo cikin Agusta, ka yi tunanin gulbi in ya kawo. Sannan ka tanadi mutum biyu cikin dangi da suka yarda su ba da jini. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, ba lokacin yawon neman mai bayarwa ba ne.

Ke kuma uwargida, ko in ce amarya, jakarki ta zauna a ɗaure tun daga mako na 36: katin awo a sama, zannuwa masu tsabta, kayan jariri har da hula, sabulu, tocila, waya da caji. Ki zaɓi mace ɗaya da ba kya jin nauyinta, ƙanwa ce ko ƙawa ko matar wa, ki ce mata ita za ki fara gaya wa. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna, Gwaggo, ku ma ku taimaka: kun fi kowa gane fuskar mai naƙuda. In kun ga yarinya tana yawan shiga ɗaki tana cije leɓe, kada ku jira ta faɗa, ba za ta faɗa ba.

Yayata yanzu 'ya'yanta biyu, duka a asibiti ta haife su. A cikin na ƙarshen, tun ana saura mako uku mijinta ya kawo ta cikin gari da kansa, ya bar wa innarmu kuɗin mota a ƙulle cikin leda, ta sa a ƙarƙashin filo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga kwana arba'in na jego: wankan ruwan zafi, kunun kanwa, da nonon farko da ake matsewa a zubar. Mai tambaya ta aiko tun yanzu, ba sai ta faɗi sunanta ba.